Annobar Sanƙarau ta 1996 a Arewacin Nijeriya: Tarihin Yaƙi da Ita da Darussan da Ta Bari

1.0 GABATARWA

Manufar wannan takarda ita ce ta bi diddigin yadda hukumomin kiwon lafiya suka tunkari annobar sanƙarau a ƙasar Hausa, tare da mayar da hankali a kan wadda ta auku cikin 1996. An zaɓi wannan shekara ne domin kuwa a tarihin Nijeriya ba a taɓa lissafa annobar sanƙarau da ta kama mutane da yawa kamarta ba, kuma galibin tsare-tsaren da aka bi daga baya wajen yaƙi da cutar a Afirka daga darussanta aka tsiro da su. Takardar ta tarihi ce, saboda haka ba za a kutsa cikin ilmin likita ba sai gwargwadon abin da zai haskaka bayani.

Abin da ake son tabbatarwa shi ne, samuwar magani da allurar riga-kafi kaɗai ba ta isa ta kashe wutar annoba ba. Abu biyu ne ke yanke hukunci, watau lokacin da aka kai su, da kuma yardar mutanen da aka kai wa. Cikin 1996 an yi asarar lokaci, an kuma raunana yarda, sa'an nan aka kwashe shekaru ana ƙoƙarin maido da su.

2.0 CUTAR DA MAZAUNINTA

Bahaushe ya raɗa wa wannan cuta suna daga alamarta da ta fi fitowa fili, watau sanƙarewar wuya. Takan zo farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi da matsanancin ciwon kai da amai, majinyaci ya ƙi haske, daga nan ya fita hayyacinsa. Ga jariri kuwa, maɗiga ce ke kumbura. Ƙwayar da ke haddasa ta a maƙogwaro take zama, kuma akan sami kamar mutum 1 cikin 10 yana ɗauke da ita ba tare da ta kwantar da shi ba, yana yaɗa ta ta hanyar tari da atishawa. Ɓarna tana farawa ne idan ƙwayar ta ratsa cikin jini ta isa ga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Tana iya kisa cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan ba a yi magani ba, rabin waɗanda ta kama ko fiye sukan mutu. Idan an yi, akan rasa kamar 1 cikin 10. Daga cikin waɗanda suka tashi kuma, akwai masu ƙarewa da kurumta ko farfaɗiya ko raunin ƙwaƙwalwa. Ƙwayar tana da jinsuna da ake bambanta su da haruffa, A da B da C da W da X da Y, kuma kafin 2010 jinsin A ne ke haddasa mafi yawan annobar Afirka.

Cikin 1963 wani likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya nuna cewa annobar tana da mazauni takamaimai, watau wani zirin ƙasa da ke kudu da hamadar Sahara, wanda a yau ake lissafa shi daga Sanagal zuwa Habasha, ya ratsa ƙasashe 26. Ƙasar Hausa ta Nijeriya da ta Nijar a tsakiyarsa take. Haka kuma cutar tana da lokacinta. Takan ɗaga kai da shigowar hunturu, sa'ad da busasshiyar iska da ƙura ke raunana fatar hanci da maƙogwaro, sanyin dare kuma ke cusa mutane ɗaki guda a toshe ƙofa da taga. Takan kai ƙololuwa da bazara, cikin Maris da Afrilu, sa'an nan ta lafa da saukar ruwan farko. Babbar annoba kuwa takan dawo ne bayan shekara 5 zuwa 12.

Wannan jadawali shi ne mabuɗin fahimtar duk abin da zai biyo baya. Hukuma 'yan makonni kawai take da su. Duk matakin da bai sauka kafin tsakiyar bazara ba, to, damina za ta riga shi kashe annobar, amma fa bayan ta gama ta'adinta.

3.0 YADDA AKA FUSKANCE TA KAFIN 1996

A Turai an fara bayyana cutar cikin 1805, aka gano ƙwayarta cikin 1887. Babbar annoba ta farko da aka rubuta a Afirka ta Yamma kuwa a Arewacin Nijeriya ta ɓulla cikin 1905, ta kai arewacin Gwalkwas, watau Gana ta yau, a shekarun da suka biyo. Ta sake dawowa cikin 1921, inda Lardin Sakkwato ya yi asarar dubban rayuka. A wancan zamani babu magani, saboda haka abin da hukuma ke iyawa bai wuce keɓe majinyata a bayan gari da hana taruwar jama'a ba. Labarin ɓullar cuta kuma ta hannun masu unguwa da dagatai da hakimai yake hawa har ya isa ga En'e da likitan gwamnati.

Canji na farko ya zo ne a ƙarshen shekarun 1930 da samuwar maganin salfa, wanda ya rage mace-mace ƙwarai, ga shi kuma da arha, malamin asibiti na ƙauye yana iya bayar da shi. Duk da haka annobar 1949 zuwa 1950 ta kama fiye da mutum 90,000 a lardunan Arewa. Daga nan aka fahimci cewa magani yana ceton wanda ya kamu, amma ba ya tare hanyar cutar. Zuwa ƙarshen shekarun 1960 kuma ƙwayar ta fara bijire wa salfa.

Canji na biyu shi ne allurar riga-kafi da aka sarrafa daga ɓawon ƙwayar cutar, wadda aka samar a Amurka cikin 1969, aka gwada a Masar da Sudan a farkon shekarun 1970. A nan ya kamata a ambaci rawar da asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya taka. Likitocinsa, cikinsu har da Brian Greenwood, sun yi nazari mai zurfi a kan annobar da ta auka wa Zariya cikin 1977. Daga wannan aiki ne aka bayyana cikin 1979 cewa allura guda ta maganin kuloramfenikol mai haɗin mai tana iya warkar da majinyaci, maimakon a yi ta yi masa allura dare da rana har kwanaki. Wani gwaji da aka yi a Mali da Nijar, aka bayyana sakamakonsa cikin 1991, ya ƙara tabbatar da haka. Ga ɗakin shan magani mai ma'aikaci ɗaya da majinyata hamsin a ƙarƙashin bishiya, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Amma ita allurar riga-kafin tana da rauni uku. Kariyarta ba ta wuce kamar shekara uku. Ba ta aiki sosai ga yara 'yan ƙasa da shekara biyu. Ba ta kuma kawar da ƙwayar daga maƙogwaron masu ɗauke da ita. Saboda haka ba a sa ta cikin alluran da ake yi wa yara yau da kullum ba. Tsarin da aka zauna a kai shi ne a jira annoba ta ɓulla, sa'an nan a bi ta da allura. A wannan tsari aka shiga 1996.

4.0 ANNOBAR 1996

4.1 Mafarinta

Tushen wannan annoba yana komawa ne ga aikin Hajjin 1987, lokacin da wani sabon reshe na jinsin A ya yaɗu tsakanin alhazai, suka koma da shi ƙasashensu. Ya tayar da annoba a Cadi da Sudan cikin 1988, ya kai Habasha, cikin 1995 kuma ya auka wa Nijar ya kama dubun-dubatar mutane. Ashe ke nan gobara tana gidan maƙwabci shekara guda kafin ta tsallako, kuma kowa ya san iyakar da ke tsakanin Maraɗi da Katsina, ko Damagaram da Daura, ba ta tsayar da 'yan kasuwa da masu zumunci.

A Nijeriya an fara ganin cutar tun ƙarshen 1995, ta bunƙasa cikin Fabrairu da Maris na 1996. Ta zo kuma a mummunan lokaci. Ana fama da ƙyanda da kwalara a Kano a daidai wannan rani, asibitocin gwamnati sun daɗe cikin ƙarancin magani da kayan aiki, ƙasar kuma tana ƙarƙashin mulkin soja na Janar Sani Abacha, dangantakarta da ƙasashen waje ta yi tsami tun Nuwamban 1995. Kamar yadda Farfesa Idris Mohammed, wanda ya shugabanci kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta kafa domin yaƙi da annobar, ya bayyana tare da abokan aikinsa, an lissafa mutum 109,580 da suka kamu, 11,717 suka rasu. Wannan lissafi na waɗanda labarinsu ya iso ga hukuma ne kawai. A nahiyar Afirka baki ɗaya, annobar 1996 da 1997 ta kama fiye da mutum 250,000, ta kashe kamar 25,000. Har ila yau, a wannan shekara hukumomin Saudiyya sun dakatar da shigar maniyyatan Nijeriya, mutane da yawa suka rasa aikin Hajji.

4.2 Matakan da aka ɗauka

Matakai uku aka ɗauka: ƙididdigar masu kamuwa mako-mako, jinyar majinyata, da allurar gama-gari. Gwamnati ta sami taimakon Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da ƙungiyar likitocin agaji ta MSF, wadda ta yi aiki a jihohin Kano da Katsina da Bauci, inda kashi uku cikin huɗu na majinyata suke. An yi wa mutum miliyan 13.4 allura, aikin da ba za a raina shi ba.

Tambayar ita ce, yaushe aka yi ta? Ƙa'idar wancan lokaci ta ce sai an sami mutum 15 cikin 100,000 suna kamuwa a mako, har mako biyu a jere, kafin a ce annoba ta sauka a wata gunduma. To, a duba tsawon hanyar. Sai majinyaci ya zo asibiti, ga shi kuwa da yawa sai sun gwada na gida sun gaji. Sai malamin asibiti ya rubuta ya aika ƙaramar hukuma, ita ta aika jiha, jiha ta aika Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya. Sai an ɗebi ruwan laka an tabbatar da jinsin ƙwayar. Sai an nemi allura daga ƙasashen waje, a daidai lokacin da ƙasashe da yawa ke rububinta har ajiyar masana'antu ta kusa ƙarewa. Sai an kai ta ƙauye cikin sanyi, a zafin bazara, ba wutar lantarki. Bayan duk wannan, jiki yana bukatar kamar kwana goma kafin allurar ta fara kare shi. Kowane mataki yana cin kwanaki, annoba kuwa ba ta jira.

Nazarin da ma'aikatan MSF suka yi a kan aikinsu na Jihar Katsina ya nuna sakamakon wannan jinkiri a fili. Da aka wadata ɗakunan shan magani da kuloramfenikol, aka horar da ma'aikata, yawan masu mutuwa cikin majinyata ya sauko daga kashi 17 cikin 100 zuwa kashi 8. Allurar gama-gari kuwa, da yake ta zo bayan annoba ta haye ƙololuwa, kaso ƙalilan ne na masu kamuwa ta hana. Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Allurar ba ta da aibi. Ihu ne ya zo bayan hari.

4.3 Gwajin Trovan da raunin yarda

Cikin wannan hali ne kamfanin magunguna na Pfizer ya aiko da ma'aikatansa Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, wanda jama'a suka fi sani da Asibitin Zana, domin gwada wani sabon magani mai suna Trovan. An sa yara kamar 200 cikin gwajin, rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su seftiriyazon. Yara 11 suka rasu, 5 daga kashin farko, 6 daga na biyu, waɗansu kuma suka tashi da naƙasa. Cikin Disamban 2000 jaridar Washington Post ta fallasa labarin. Kwamitin bincike da Gwamnatin Tarayya ta kafa cikin 2001 ya yanke cewa an yi gwajin ba bisa ƙa'ida ba. Iyaye suka ce ba a sanar da su gwaji ake yi ba. Kamfanin kuwa ya dage cewa ya sami izini, an yi wa iyaye bayani da baki, kuma cutar ce ta kashe yaran. Gwamnatin Kano ta shigar da ƙara cikin 2007, aka sasanta cikin 2009 a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

Ga mai nazarin tarihi, abin lura shi ne abin da wannan lamari ya bari a zukatan mutane. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da jita-jita ta tashi cikin 2003 cewa an gurɓata maganin riga-kafin shan inna, har Jihar Kano ta dakatar da shi zuwa Yulin 2004, labarin Trovan yana cikin hujjojin da masu ƙi suka riƙa kafawa. A dalilin wannan tsaiko shan inna ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, har Yaman da Indunusiya. Aikin 'yan makonni a asibiti guda ya jawo wa yaƙi da wata cuta dabam koma-baya na shekaru.

5.0 ABIN DA YA BIYO BAYA

Gyara na farko ya shafi lokaci. Cikin Janairun 1997 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da MSF da Tarayyar Ƙungiyoyin Red Cross suka kafa wani kwamitin haɗin gwiwa mai kula da rumbun allura da magani na ko-ta-kwana, domin ƙasar da annoba ta auka wa ta samu cikin gaggawa, kuma ta sami mai inganci. Batun inganci ba wasa ba ne, domin kuwa a annobar Nijar ta 1995 an yi wa fiye da mutum 50,000 allurar jabu. Haka kuma an sassauta ƙa'idar shelar annoba, aka ƙara matakin faɗakarwa tun adadi bai kai ba. Amma duk wannan gudu ne a bayan annoba. Cikin 2009 ta sake tashi ta kama fiye da mutum 88,000 a ƙasashen zirin, akasarinsu a Nijeriya da Nijar.

Gyara na biyu shi ne ya sauya tsarin daga tushe. Cikin 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH, da tallafin dala miliyan 70 daga Gidauniyar Gates, suka ƙaddamar da shirin samar da sabuwar allurar jinsin A wadda kariyarta ke daɗewa, take aiki ga ƙananan yara, take kuma kawar da ƙwayar daga maƙogwaro. Jami'an lafiya na ƙasashen Afirka sun bayyana tun farko cewa allurar da ta fi ƙarfin aljihunsu ba ta da amfani gare su, saboda haka aka sa sharaɗin kada farashinta ya wuce rabin dala. Kamfanin Serum Institute na Indiya ya karɓi aikin. An gwada ta a Indiya da Mali da Gambiya da Sanagal da Gana, da amincewar kwamitocin kula da ƙa'idar bincike, bayan an zauna da shugabannin al'umma da iyaye. Ranar 6 ga Disamba, 2010, aka ƙaddamar da ita a Burkina Faso da sunan MenAfriVac, Mali da Nijar suka bi. Nijeriya ta yi nata jiha-jiha daga 2011 zuwa 2014, ana yi wa 'yan shekara 1 zuwa 29, tun kafin hunturu ya kankama. A Cadi, lardunan da aka yi wa allurar a ƙarshen 2011 sun ga cutar ta ragu da kashi 94 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda ba a yi wa ba. Daga nan annobar jinsin A, wadda ta addabi ƙasar Hausa fiye da shekara ɗari, ta kau.

Amma kawar da jinsi guda bai rufe ƙofa ba. Cikin 2013 wani sabon reshe na jinsin C ya ɓulla a yankin Sakkwato da Kabi, ya tayar da annoba a Nijar cikin 2015. Daga Disamban 2016 ya tashi a Zamfara, ya bazu zuwa Sakkwato da Katsina da maƙwabtansu, aka lissafa mutum 14,518 da ake zaton sun kamu, 1,166 suka rasu. Abin takaici, tsohon ciwon ne ya dawo: rahoto ya makara, allurar jinsin C ta yi ƙaranci a duniya, ba a fara allurar gama-gari ba sai cikin Afrilun 2017, shekara 21 bayan an biya kuɗin wannan darasi da rayuka. Cikin Maris na 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da sabuwar allura mai kariya daga jinsuna biyar, A da C da W da X da Y, a lokacin wata annoba da ta shafi Jigawa da Bauci da Yobe.

6.0 KAMMALAWA

Daga abin da ya gabata ana iya tsamo abubuwa uku. Na farko, tarihin yaƙi da sanƙarau tafiya ce daga keɓe majinyaci, zuwa warkar da shi, zuwa bin annoba da allura, zuwa shan gabanta, kuma babbar nasara ba ta samu ba sai a mataki na ƙarshe. Na biyu, idan annoba ta riga ta sauka, magani mai sauƙi da ke hannun malamin asibiti na ƙauye, kyauta, ya fi ceton rai a kan gangamin allura da ya makara, kamar yadda aka gani a Katsina. Na uku, yardar jama'a dukiya ce da ake tarawa a hankali, ake kuma iya ɓarnatar da ita cikin 'yan makonni, sa'an nan wani shiri dabam ya biya bashin.

Cikin 2020 ƙasashen duniya sun amince da ƙudurin kawar da annobar sanƙarau kafin 2030. Ko za a cimma wannan a ƙasar Hausa, ya danganta ga abubuwan da ba su da armashi a idon mai mulki: rahoton mako-mako da ke tashi daga ɗakin shan magani a kan kari, ɗakin gwaji da zai tantance ruwan laka cikin kwana biyu, musayar labari tsakanin Katsina da Maraɗi, da kuma yi wa uwa bayani da harshenta, a nemi yardarta, kafin a taɓa ɗanta. A nan malaman harshe da na tarihi suna da nasu rabon aikin, domin kalmomin da za a yi wannan bayani da su, da tunawa da abin da ya faru cikin 1996, a hannunsu suke.